Abin da Na Ji a Ramin Ƙasusuwa

Zuwa ga 'yata Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki, ke da Fadila da Amina gaba ɗaya. Amin.

Na san za ki yi mamakin samun takarda a aljihun jakarki, alhali bango ɗaya ya raba ɗakina da naki. Sau biyu na gwada faɗa miki da baki, bakin ya ƙi. Kuma na san halinki, da na fara za ki amsa mini da Turanci ki ce kin sani. Da gangan na rubuta da Hausa, domin karatun Hausa yana ɗaukar ki lokaci, ni kuwa so nake ki bi maganar nan a hankali. Rabinta a cikin jirgin ruwa na rubuta, a hanyar zuwa aiki da dawowa, saboda haka in kin ga rubutun ya karkace, ki yi haƙuri.

Ranar Asabar ina kicin ina tuƙa tuwo, ku uku kuna falo kuna tsara kwanakin da za ku yi a Paris. Amina tana karanto wuraren daga waya: hasumiya, gidan tarihi, yawo a kogi. Sai kika kawo maganar ramin ƙasusuwa, wurin nan da ke ƙarƙashin gari inda aka jibge ƙasusuwan mutanen da suka mutu tun zamanin da, ake shiga kallo. Fadila ta ce ita ba za ta sauka ba. A hankali ta faɗa, sau ɗaya. Kika yi dariya, kika sauya murya irin ta tsohuwa, kika kira sunanta kina ja. Muciya ta kuɓuce daga hannuna. Kin leƙo kin tambaye ni lafiya, na ce tururi ne ya ƙona ni. Ba tururi ba ne. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki.

Kin san na taɓa zuwa Paris kafin in auri babanki. Kin san hoton da ke kan durowata, ni da Anti Ramatu a gaban hasumiya. Mu biyu ne a hoton, amma mu uku muka tafi. Ta ukun Anti Memuna ce.

Ke kin buɗe ido kin same ta yadda take yanzu, mace mai shiru a gidan ƙaninta na wajen uba a Bronx, nan New York, wadda tun kina ƙarama nake hana ki kiran ta daga baya, sai kin zagaya ta ga fuskarki. Ba haka take ba a da. Mu uku mun yi aiki a shago ɗaya kusa da Fordham Road, na wata hajiya mai sayar da atamfa da leshi da turare, kuma ɗaki ɗaya muka kama. Ni daga Kano, Ramatu daga Damagaram, Memuna daga Zangon Kumasi. A cikinmu ita ce mai baki. Mace za ta shigo neman ɗankwali ɗaya, Memuna ta saka ta dariya har ta fita da turmi uku. In ta yi dariya masu sayar da kaya a bakin titi sai sun waiwayo.

Kakarta ce ta rene ta, domin mahaifiyarta ta rasu tana jaririya. Shekara biyu kafin tafiyarmu kakar ta rasu. A wayar shago aka sanar da ita, ina tsaye a gefenta. Ta ajiye wayar, ta ƙarasa naɗe wa wata mata leshin da ta saya, ta yi mata godiya. Lokacin takardunta ba su fito ba, in ta fita ƙasar nan ba ta da hanyar dawowa, don haka ba ta je ba. Ban taɓa ganin hawayenta a kan wannan rasuwa ba, sai na ɗauka ta wuce mata. Ni a lokacin abin da ido ya gani kawai na sani.

Bazarar da takardunmu suka kammala, yayan Ramatu da ke zaune a Paris da matarsa ya ce mu zo mu huta kwana goma. Kwana huɗu na farko ban taɓa jin daɗi irinsu ba. Rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama. Muka yi yawo har ƙafafunmu suka kumbura, Ramatu tana yi mana tafinta, Memuna tana ciniki da hannu da ido kuma ana fahimtar ta.

A rana ta biyar, wata Alhamis, ni na kawo maganar ramin. Mun bi dogon layi cikin zafin rana fiye da awa ɗaya, Memuna ba ta ce komai ba, abin da ba halinta ba. Da muka kusa ƙofa sai ta ja gefe. Kin san Hausarsu ta Zango, mace ma "kai" suke ce mata. Ta ce mini, "Halima, ka bar ni a waje. Ni ban ga kabarin kakana ba, ba zan je kallon na wasu ba."

Magana ce mai hankali, kuma ta faɗe ta a sarari. Ni kuwa na ce mata matsoraciya. Na ce ta ɗauko ƙauye a ka ta kawo Turai. Na ce Turawa da 'ya'yansu ƙanana suna shiga, ita ƙatuwar mace tana rawar jiki. Na kama wuyan hannunta na ja, mutane suna kallo, ita kuma ba ta son a kalle ta a matsayin mai gardama, sai ta biyo ni.

Asiya, in ƙawarki ta ce ba za ta shiga wuri ba, maganar ta ƙare a nan. Ba sai ta ba ki dalili ba. Sau da yawa mai dalili mafi nauyi shi ne wanda ba ya iya faɗa, wanda ya faɗa kuma ya riga ya yi ƙoƙarin da ba ki gani ba. Kin fi shekara goma tare da Fadila, amma ba ki san duk abin da take ɗauke da shi ba, kamar yadda ni ma ina kwana ɗaki ɗaya da Memuna ban san nata ba. In ta tsaya a waje, ɗaya daga cikinku ta tsaya da ita, ku sha wani abu mai sanyi, ku jira.

Matakalar sauka siririya ce, tana zagayawa tana zagayawa har kai ya fara juyawa. A sama gumi muke yi, a ƙasa sai da na rufe kafaɗata da mayafi. Hanyar ba ta da faɗi, rufin yana kusa da kai, fitilun ba su da ƙarfi. Ruwa yana ɗiga daga sama, ƙasa kuma tsakuwa ce da wani farin taɓo mai manne wa takalmi. An daɗe ana tafiya ba a ga komai ba. Sannan aka shiga wata ƙofa, bangon ya zama ƙashi. Dama da hagu, daga ƙasa har ya wuce kaina, ƙasusuwan cinya ne a jere kamar itacen girki, tsakaninsu layin ƙoƙunan kai suna fuskantar hanya. Masu surutu duk suka rage murya. Ni abin da ya fara zuwa mini shi ne yadda aka jera su da kyau, kamar yadda muke jera kaya a kanta.

Hanya ɗaya ce, ba a komawa baya. Ayarin da muka shigo tare suka yi gaba, na bayanmu ba su iso ba. Ramatu ta bi na gaba tana karanta rubutun da ke jikin duwatsu. Memuna tana baya, tafiya take kanta a sunkuye, leɓenta yana motsi, addu'a take yi wa mutanen da ba ta sani ba. A nan ne shaiɗan ya raya mini wasa. Na yi sauri na sha kwana, na laɓe a bayan wani ginshiƙin dutse inda haske bai kai ba. Da na ji takunta ya matso, na shaƙe murya na ce, "Memuuuna."

Takun ya tsaya. Na toshe bakina da mayafi ina danne dariya.

Sai aka yi magana a bayana. Bayana bango ne, kafaɗata tana jingine da shi, ina jin sanyinsa. Muryar tsohuwa ce, kusa da kunnena na hagu kamar mai raɗa, amma ba ni ake yi wa ba. Ta ce, "Laraba." Ta yi ɗan tari, busasshe, gajere. Ta sake cewa, "Laraba."

Na juya. Dutse ne, da ƙasusuwa a gefe. Babu lungu, babu ƙofa, babu wurin da ko kyanwa za ta tsaya. Har yau in na tuna, gefen wuyana na hagu yana yin sanyi. A ƙarƙashin ƙasar Turawa, a wurin da tun safe ban ji mai Hausa ba sai mu uku, an ambaci sunan rana da Hausa, ranar ma ba ita ba ce.

Sai na ji Memuna ta amsa. Ba da tsoro ba. Da irin muryar da yarinya take amsa wa babba ta ce, "Na'am."

Na fito daga bayan ginshiƙin na yi gaba da sauri ban waiwaya ba, har na cim ma Ramatu na kama hannunta. Can Memuna ta iso. Muka hau ɗaya matakalar muka fito wani titi dabam, cikin rana da ƙarar motoci. Na tsaya ina goge farin taɓon daga takalmina a bakin hanya.

Ke mai ban dariya ce, kuma a wurina kika gado. Ba na so ki daina. Amma kada ki yi wasa da abin da mutum ya riga ya gaya miki yana tsoro, kuma kada ki yi shi a inda matattu suke. Waɗancan ƙasusuwa kowanne yana da uwa da ta ba shi suna. In kin shiga, ki shiga kamar yadda kike shiga maƙabarta a gida: ki rufe kanki, ki rage murya, ki tuna ke ma can za ki. Ba sai kin ɗauki hoto kina murmushi kusa da kan wani ba.

Da muka koma gida bayan la'asar, matar yayan Ramatu ta kawo abinci, Memuna ba ta taɓa ba. Muna ɗaki mu uku ta ce an kira ta sau uku a can ƙasa. Ta ce na farko da sunanta ne, sauran biyun da wani suna. Ranar Laraba aka haife ta, kuma kakarta ce kaɗai a duniya take kiran ta Laraba. Ko a takardunta babu sunan, ko ƙaninta ba ya kiran ta da shi, mu kuwa ba ta taɓa gaya mana ba. Ramatu ta ce amsa-kuwwa ce, irin wuraren nan suna juya magana. Memuna ba ta kalle ta ba, ni ta kalla. Ta ce, "Kai ka fi kusa. Ka ji?"

Na ce ban ji komai ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa. In na ce na ji, sai na faɗi inda nake tsaye, da abin da ya kai ni wurin. Wannan ɗaya ne. Na biyu kuma, kuma shi ne babba, tsoro nake ji. Gani nake in na furta, abin ya tabbata, kuma zai san ni ma na ji. Sai na zaɓi in bar ta da shi ita kaɗai. Har na ƙara da cewa gajiya ce, ta sha magani ta kwanta.

Washegari ranar hasumiya ce. Memuna ta ce kanta yana ciwo. Ramatu ta yi shawarar mu ɗage, ni na ce kwanakinmu sun kusa ƙarewa, ai matar gida tana nan. Gaskiyar ita ce ba na son zama a ɗaki ɗaya da idanunta. Muka tafi. Hoton da ke kan durowata a ranar aka ɗauke shi. Ki duba fuskata da kyau in kin dawo.

Muka dawo wajen ƙarfe uku muka tarar da matar gida a bakin ƙofa tana kuka. Ta fita sayen burodi, ta dawo babu Memuna. Jakarta tana nan, fasfonta yana ciki, takalminta yana bakin ƙofa. Silifas ɗin wanka na matar gidan ne kawai babu. Yayan Ramatu ya baro aiki, muka shiga motarsa muna zagaya unguwa, masallaci, kasuwa, tashar jirgin ƙasa. Tun daga minti na farko na san inda take. Awa biyu ina zaune a bayan mota ina kallon titi, ban faɗa ba, domin in na faɗa za a tambaye ni yadda aka yi na sani. Sai da ya ce za mu wuce wurin 'yan sanda sannan na ce, kamar wadda tunanin ya zo wa yanzu, ko mu duba wurin jiya.

Tana can. Ba a cikin layi take ba, tana tsaye a gefen ƙofar shiga, rana tana dukan ta, hannayenta a naɗe a ƙirji kamar mai jiran a sallame ta. Daga gidan zuwa wurin sai an canja jirgin ƙasa sau biyu, ita kuwa ba ta jin Faransanci, ba ta taɓa fita ita kaɗai ba, kuma babu komai a hannunta. Ramatu ta tambayi mai gadin ƙofa, ya ce tun azahar take tsaye a nan, ba ta shiga ba, ba ta kuma dami kowa ba. Na je na taɓa kafaɗarta. Ta ce, "Ya ce na bar shi shi kaɗai." Kakar take nufi.

Da muke shigar da ita mota na kalli ƙafarta. Silifas ɗin da yatsunta duk farin taɓo ne, ɗanye. An fi mako ba a yi ruwan sama a garin ba. Ban nuna wa kowa ba. Da muka isa gida ni na wanke silifas ɗin da hannuna.

Ku uku za ku tafi, ku uku za ku riƙa fita, ku uku za ku riƙa dawowa. In ɗaya ba ta da lafiya, ranar ta tashi, ko wace hasumiya ce tana nan ba inda za ta je. In kuma wata ta ɓace, duk abin da kika sani ki faɗe shi a minti na farko, ko da zai tona miki asiri. Awa biyun nan da na yi shiru, da wani abu ya same ta a cikinsu, ban san yadda zan tsaya gaban Allah ba.

Mun dawo New York, Memuna ta koma shago. Makonnin farko kamar babu komai, sai dai dariyar ta ragu. Daga nan ta fara waiwaye. Tana auna yadi sai ta ɗaga kai ta ce na'am, alhali babu wanda ya yi magana. Wata rana da tsakar rana muna tsallaka Fordham Road ta tsaya cak a tsakiyar titi ta juya baya, motar bas ta ci birki a gabanta har fasinjoji suka zube. Ranar ƙaninta ya kai ta asibiti, ni na raka su.

Likitar mace ce mai haƙuri, ta zauna ta saurare ta tun daga farko. Memuna ta ba da labarin ramin dalla-dalla, ba ta ƙara ba ta rage ba, sannan ta nuna ni ta ce a tambaye ni, ina wurin. Likitar ta juyo ta tambaye ni ko na ji wani abu. Ƙaninta yana kallona. Na ce ban ji ba. Likitar ta rubuta. Memuna ta daɗe tana kallona, sannan ta sauke kai ta kalli tafin hannunta, kuma daga ranar ban sake jin ta yi gardama da kowa a kan komai ba.

Ki fahimce ni da kyau. Ban ce likita ta yi kuskure ba. Memuna ta kamu da ciwo na gaske, kuma maganin da suka ɗora ta a kai shi ya dawo mata da barci, ya hana ta shiga gaban mota. Malamai ma sun yi nasu addu'o'in. Ni ban san mene ne na ji a ramin nan ba, ban kuma san ko shi ya kawo ciwon ko ciwon yana tafe dama, tun ranar da ta ajiye wayar nan ta ci gaba da naɗe leshi. Abin da na sani shi ne, abu ɗaya da ta ji da kunnenta na gaskiya, wanda akwai mai shaida a kansa, mai shaidar ta ƙaryata ta a gaban ɗan'uwanta. Daga nan ta daina yarda da kunnenta, kowa ma ya daina. Akwai wani direban tasi ɗan garinsu da har an kai goro, ya janye a hankali. Hajiyar shago ta ce ta huta a gida tukuna, hutun bai ƙare ba. Ni kuwa na yi aure, na haife ki, na koma unguwar St. George, a tsallaken ruwa.

Kin sha gaya wa ƙawayenki cewa ummanki akwai zumunci, duk Lahadi sai ta tsallaka ruwa ta hau jirgin ƙasa har Bronx don ta duba ƙawarta. Duk lokacin da kika faɗa sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Ina son ta, wannan gaskiya ne. Amma shekara ashirin da huɗu ina kai mata abinci da zare da labarin gari, abu ɗaya da take buƙata a wurina yana cikin bakina ina komawa da shi gida.

Wannan ita ce babbar maganar da nake so ki riƙe, ta fi duk sauran. In ƙawarki ta kalle ki ta ce, kin gani, kin ji, haka aka yi ko ba haka ba, ki gaya mata gaskiya. Ko abin bai shiga hankali ba, ko kina jin kunya, ko kina jin tsoro. Kina iya cewa ban san mene ne ba, amma na ji. Mutum yana iya ɗaukar abu mai nauyi ƙwarai in ya san ba shi kaɗai ya gan shi ba.

Ranar Lahadi, washegarin ranar da muciya ta faɗi, na je wurin Memuna kamar kullum. Ƙanin da iyalinsa sun tafi bikin suna. Tana zaune a gaban keken ɗinkinta tana haɗa wa wata yarinya riga. Na zauna a inda take ganina, na ce ina da magana. Na faɗa mata komai, tun daga ginshiƙin har silifas ɗin, har ofishin likita. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce kiran farko ta san ni ce tun a ranar, turarena ta ji, kuma wannan bai taɓa damun ta ba. Sannan ta tambaye ni yaya muryar take. Na ce ta tsohuwa ce, mai kaushi, kuma tsakanin kira na farko da na biyu ta yi ɗan busasshen tari.

Ta cire ƙafarta daga kan keken. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa maganar tarin ba, ko likita, domin ita kanta ta ɗauka ƙari ne da ƙwaƙwalwarta ta yi. Kakarta tabar gari take sha, duk maganar da za ta yi sai ta yi wannan tarin.

Ana jin yara suna wasa da ruwa a titi. Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗauki allura tana neman ramin zare, sannan ta ajiye. Can ta ce, "Kullum da safe sai na tambayi kaina. Shekara ashirin da huɗu, Halima."

Da na tashi tafiya ta ce ranar Alhamis tana da ganin likita da ƙarfe biyu, ƙaninta zai kai ta. Ta ce ba don a canja mata magani ba, ta san tana buƙatarsa. So take in zo in zauna a gabansu su biyu, in faɗi abin da na faɗa mata, da bakina, a rubuta.

Alhamis ita ce ranar tafiyarku, kuma a daidai wannan lokaci ya kamata in kasance tare da ke a filin jirgi. Na ce mata zan zo. Babanki ne zai kai ku, na gaya masa dalili, shi ma a ranar ya fara ji. Na san za ki ji haushi da safe in na ce miki ba zan raka ki ba, kuma ba zan iya yi miki bayani a tsaye a bakin ƙofa ba. Lokacin da za ki karanta wannan kina sama, ni kuma na riga na faɗa.

Ban hana ki zuwa ko'ina ba. Ki ga gari, ki ci abin da ya halatta, ki yi dariya, ki ɗauko mini hotuna da ku uku a ciki. Ki riƙa saka rigar sanyi ɗaya a jaka in za ku fita, ko da ana zafi. Kada ki bar addu'o'inki na safe da yamma, kada ki bar salla don kunyar idon mutane. Kafin jirgi ya sauka, ki juya ki ba Fadila haƙuri a kan abin da kika yi mata ranar Asabar.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya raba ki da sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani. Allah ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki saka Anti Memuna a addu'a. Ni ma ki saka ni.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Halima